Wutar lantarki ce ke shanye mana ruwan noman rani?

Manomin Rani:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, gonata tana shan ruwa ta kanal daga wani dam wanda shi ne kuma ke ba da wutar lantarki. Da zarar bazara ta kama, ruwa ya ja baya, sai a rage mana ranakun ban ruwa, shuka ta fara yaushi, amma injinan wuta ba sa tsayawa. Shin su ne ke cinye rabonmu? Masu sani ku taimaka, abin yana damuna ƙwarai.

Injiniya Sadiq:
Wa alaikumus salam, Malam. Injin ba ya shan ko ɗigo. Ruwa ya gangaro ta bututu, ya juya farfela, ya fice yadda ya shigo. Abin dubawa shi ne bakin kanal ɗinku. Idan a ƙasan dam yake, ruwan da ya ba da wuta shi ne zai iso gonarka. Idan kuwa daga cikin tafkin kuke ɗiba, duk abin da aka sako wa injin ya bi kogi, ya wuce ku ke nan. Kuma ƙarfin wuta yana bin yawan ruwa da tsayin da yake faɗowa, shi ya sa masu lantarki ba sa son tafki ya yi ƙasa.

Maman Hafsat:
Injiniya, ka manta da rana da laka. Dam ɗin Aswan na Masar, da aka kammala a 1970, injina 12 gare shi masu ba da megawat 2,100, amma zafin hamada yana ƙone ruwa mai yawan gaske daga Tafkin Nasser, wato tafkin da ke bayan dam ɗin, kowace shekara. Lakar da kogin Nilu ke zuba wa gonaki a da ma yanzu a bayan dam take kwanciya, dole manoma suka koma ga takin zamani. Laka in ta taru, tafki ba ya riƙe ruwa kamar da.

Manomin Rani:
Na gode. Tamu daga tafkin take ɗiba. To ina mafita?

Injiniya Sadiq:
Ku je a ƙungiyance, tun kafin shuka, ku nemi hukumar dam ta ba ku jadawalin sakin ruwa a rubuce. Sannan ku yashe kanal, ku toshe inda take yoyo, domin ruwan da ke ɓacewa a hanya kafin ya iso gona ba kaɗan ba ne.