Wai masu zana kowace taga 'yan koyo ne

Ɗan Balad: Assalamu alaikum 'yan'uwa masu zane. Yau raina a ɓace yake. Wani mai shagon tsire a nan Jidda ya ba ni aiki: mai gashi a gaba da tukubarsa, hayaƙi na tashi, tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a bayansa. Na fitar da mai tsiren tsaf, har kitsen da ke ɗiga kan garwashi ana gani. Gidajen baya kuwa na yi musu abin da duk wanda ya san aiki yake yi: launi uku, haske da inuwa, taga ɗaya ta kusa ita kaɗai na yi wa saƙar katakon roshan, sauran na bar su dishi-dishi. Mutumin nan ya zuƙo hoton a waya, ya ce ina sauran tagogin, wai na yi masa ha'inci, ya riƙe rabin kuɗina. Ni dai ina kan bakana. Sauƙaƙa bayan hoto ƙwarewa ce, tana ceton lokaci kuma tana gyara hoto. Masu zama suna zana kowace taga ɗaya bayan ɗaya 'yan koyo ne. Wanda bai yarda ba ya fito.

Autan Karantina: Wallahi ka faɗi gaskiya abokina. Mutanenmu ba su san darajar aiki ba.

Maman Hanan: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka ƙanena. Amma hoton ina za a sa shi? Instagram ne, ko takardar jerin abinci, ko bango?

Baba Mai Allo: 'Yan koyo?

Baba Mai Allo: Yaro, ina rubuta allon shago a unguwar Misfala ta Makka da buroshi da gwangwanin fenti tun ba ka san hannun cin tuwo ba. In na zana gini, tubali ɗaya ba na tsallakewa. Ashe duk shekarun nan koyo nake yi ban sani ba. Na gode.

Ɗan Balad: Baba ai ba da kai nake ba. Maganar zanen kwamfuta nake yi.

Baba Mai Allo: Cewa ka yi "masu zama suna zana kowace taga". Ina zama, ina zana taga. Ko a tsaye kake so in yi kafin in fita daga cikin 'yan koyo?

Hajiya Mai Lalle: To ni ma a gaya min matsayina. Hannun amarya ɗaya sai in kai tsakar dare a kansa, ɗigo bayan ɗigo. Ni ma 'yar koyo ce ke nan?

Autan Karantina: Hajiya me ya kawo lalle cikin wannan magana fisabilillahi?

Hajiya Mai Lalle: Abin da ya kawo ka shi ya kawo ni. Kai da ba mu taɓa ganin ko da'ira ka zana a zauren nan ba.

Injiniya Riyad: Ku ɗan tsaya, akwai ilimi a maganar Ɗan Balad ko da bakinsa ya yi kaifi. Idon mutum wuri kaɗan yake gani tar a lokaci guda, kusan digiri 2 ne a tsakiyar gani, ya'ani kamar faɗin farcen babban yatsanka in ka miƙe hannu. Sauran duk ƙwaƙwalwa ce ke cikewa. Shi ya sa mai zane yake tara ƙananan abubuwa da kaifin layi a inda yake son ido ya sauka, ya sassauta sauran. In kowace kusurwa ta yi kaifi iri ɗaya, ido ba ya sanin inda zai tsaya, sai mai tsiren ya ɓace a cikin tagogi. Na biyu, abin da ke nesa dama haka yake a zahiri. Ku tuna duwatsun hanyar Ɗa'ifa: na kusa baƙi ne mai kaifi, na bayansa ya fi haske, na can ƙarshe ya koma shuɗi-shuɗi kamar hazo, saboda iskar da ke tsakani tana watsa haske. Leonardo da Vinci ya yi rubutu a kan wannan fiye da shekara 500 da suka wuce, ku dubi bayan Mona Lisa ku gani. Na uku lissafi ne. Instagram faɗin fiksel 1080 yake nuna hoto, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a allo. In gida ɗaya ya ci kashi ɗaya cikin goma na faɗin, fiksel 108 ke nan gidan gaba ɗaya. Ka raba wa tagoginsa, ka sake raba wa kowane siririn katako, me ya rage? Fiksel ɗaya ko biyu. Duk wahalar da ka sha sai ta koma ƙura-ƙura a fuskar waya.

Ɗan Sharamansur (Admin): To Injiniya, mun ji lacca. Amma tambayar ita ce, ya dace a kira Baba ɗan koyo?

Injiniya Riyad: Ni ban ce ya dace ba.

Ɗan Sharamansur (Admin): Amma ka goyi bayan wanda ya faɗa.

Baba Mai Allo: Wanda yake da maɓallin da zai mayar masa da kuskurensa baya shi ne ɗan koyo har abada. Ni in hannuna ya zame a kan allo, sai in kankare in sake. Ku kuwa ku danna yatsu biyu ya goge. A ƙwace muku iPad ɗin a miƙa muku alli mu gani.

Ɗan Balad: Baba da girmanka. Alli na fara riƙewa kafin in taɓa manhajar zane ta Procreate. Kuma manhajar tana ɗaukar bidiyon aikin tun daga layin farko, in kuna so in turo ku ga ko na'ura ce ta yi.

Ɗan Sharamansur (Admin): Procreate ɗin da sai a kayan Apple yake aiki. Shi ya sa kuke raina mutane. Manhajar Krita kyauta ce, tana hawa kwamfuta ko wacce iri, kuma ba abin da kake yi da ba za ta yi ba.

Autan Karantina: Kyauta ai shi ya sa kake sonta.

Ɗan Sharamansur (Admin): Kai iPad ɗin da kake hoto da shi ma na yayanka ne.

Maman Hanan: Har yanzu ba a ba ni amsa ba. Ina za a sa hoton? Ni katin biki nake yi a Madina, kuma tambayar da nake fara yi wa mai aiki ke nan kafin in buɗe shafin zane. A4 da za a buga da kyau fiksel 2480 ne a faɗi, 3508 a tsawo, ya ninka na Instagram fiye da biyu. Abin da ya ɓuya a waya yana fitowa a takarda.

Malam Jarwal: Assalamu alaikum. Na ga ana ta jayayya an bar asali. Mutum mai rai aka zana da fuskarsa da idanunsa, ba wanda ya ce uffan. Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce wa wani mai zane in ba makawa sai ya yi, to ya zana bishiya da abin da ba shi da rai. Gidajen nan su ne halal ɗin da ke cikin hoton, su kuma kuka dusashe. Da fuskar mai tsiren aka yi wa dishi-dishi aka fito da tagogin, da an huta ta ko'ina.

Autan Karantina: Malam a wayarka ba hoton fuskarka ne a jikin lambar ba?

Malam Jarwal: Hoton kyamara daban, zanen hannu daban, malamai sun yi bayani. Ka je ka yi karatu.

Injiniya Riyad: To na iPad wanne ne a ciki, Malam? Ba fenti, ba takarda, in ka kashe allo ya tafi.

Malam Jarwal: Ba a fatawa a guje. Amma ka ji da kunnenka ya ce har kitse ya zana.

Hajiya Mai Lalle: Malam kitse ma rai gare shi?

Baba Mai Allo: Ni abin da ya fi ci min rai roshan ɗin. Kun san mene ne kuwa? Kafinta ya zauna ya fere katako ɗaya bayan ɗaya ya saƙa, don iska ta shiga ɗaki, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Saboda waɗannan tagogin da ginin dutsen teku UNESCO ta sa Balad cikin kayan tarihin duniya a 2014. Je ka tsaya gaban Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, ka ɗaga kai. Wanda ya fere su da hannu bai ce lokaci ya ƙure ba, sai kai da aka ce ka kwaikwaya kawai.

Autan Karantina: Baba ku mutanen Makka ina kuka san roshan? Ku bar wa 'yan Jidda kayansu.

Baba Mai Allo: Ji yaro. Gidajen unguwar Shamiyya kafin a rushe su don faɗaɗa Harami, da me aka yi tagoginsu, da leda? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ɗan Sharamansur (Admin): Bar shi Baba. Mai kiran kansa Autan Karantina, ina Karantinar take yanzu?

Autan Karantina: Ka maimaita.

Autan Karantina: Gidan da aka haife ni ne katafila ta bi ta kai a rusau ɗin unguwannin Jidda na 2022, shi ne abin dariyarka? Tsohuwata har yau ba ta saba da inda muka koma ba. Wallahi da a gabana ka faɗi wannan.

Maman Hanan: Haba Admin, wannan bai kamata ba. Mutane da yawa a nan abin ya shafa, 'yan unguwannin Sabil da Hindawiyya ma suna ciki.

Ɗan Sharamansur (Admin): Shi ya fara taɓa Makka. Halas, a bar maganar rusau, ba ta zauren nan ba ce.

Bakano Sabon Zuwa: Salam. Ni fa ban gane wahalar da kuke sha ba. Ka zana mai tsirenka, ka ce wa AI ta yi maka gidajen, minti ɗaya ta cika maka tagogi har ka ce ya isa.

Ɗan Balad: Wa ya sako wannan cikin zaure?

Baba Mai Allo: Ga ƙanenka nan ya zo. Kai ka dusashe, shi ya ba aljani.

Injiniya Riyad: Ƙirƙirarriyar basira tana cika tagogi, amma zuƙo ka gani, katakon ba ya haɗuwa, layi ya taso daga nan ya narke a can, ko ta kawo maka ginin Alƙahira ta ce Jidda ne. Wanda ya san Balad zai gane. In lokaci ake ji, akwai hanyar da ba sata ba ce: ka zana roshan ɗaya da kyau a leya tasa, wato shimfiɗar zane tasa daban, ka kwafa, ka karkata kowanne ya bi layin nisa, ka sauya masa launi da tsagewa kaɗan don kada su fito kamar tagwaye, sannan ka rage kaifi gwargwadon nisa. Manhajar Clip Studio Paint ma tana da rular da ke riƙe maka layukan nisa. Masu zanen barkwanci na Koriya da yawa da manhajar SketchUp suke gina ɗakunan baya su ɗora mutane a kai.

Ɗan Sharamansur (Admin): Kwafa? To wannan ba shi ne ha'incin ba?

Injiniya Riyad: Abin da ka zana da hannunka ka kwafa, wa ka ha'inta?

Hajiya Mai Lalle: Ni dai ku dubi babbar riga. Aska takwas a ƙirji da aljihu ake zuba ta, ba wanda ke bin gindin riga da allura, kuma ba a ce maɗinki ya yi ha'inci. Amma in mai riga ya ce ya biya har ƙasa, sai a yi masa har ƙasa.

Ɗan Balad: Yawwa Hajiya, kin dawo hanya.

Hajiya Mai Lalle: Ban dawo ko'ina ba, sai ka janye 'yar koyon da ka kira ni.

Maman Hanan: Ƙanena don girman Allah. Ina. Za. A. Sa. Hoton.

Ɗan Balad: Bangon cikin shago ne Anti, a babban ƙyallen talla za a buga shi ya rufe bangon, masu ci suna zaune a jikinsa.

Maman Hanan: To ai ka ji. Mutum yana zaune taku ɗaya daga bango yana jiran tsirensa, tagogin nan su ne daidai idonsa. Kuma mai shagon Balad ɗin yake son sayarwa, in don mai gashi ne ga na gaske nan a ƙofa ana kallonsa. Ka nuna masa zanen gwaji kafin ka shiga launi? Kun yi magana kan yadda bayan zai kasance?

Ɗan Balad: Ya ce "ka yi yadda ya kamata". Na yi yadda ya kamata.

Injiniya Riyad: In bango ne lissafina na Instagram bai hau ba.

Autan Karantina: Injiniya kai ma ka koma bayan 'yan Makka ke nan.

Injiniya Riyad: Ni a Riyad nake.

Baba Mai Allo: Ina nan ina jira a ba ni haƙuri.

Ɗan Balad: Baba ka yi haƙuri in ranka ya ɓaci.

Baba Mai Allo: "In"?

Ɗan Sharamansur (Admin): Tayyib, magariba ta gabato, bari in taƙaita don wanda bai bi daga farko ba. Ɗan Balad ya zo ya zagi manya ya kira su 'yan koyo. Baba ya ba shi amsa da hujja da tarihi, Malam ya ƙara da dalili na addini, Hajiya ma ta nuna rashin jin daɗinta. Injiniya ya kawo wasu lissafe-lissafe, daga baya da bakinsa ya ce ba su hau ba. Kowa ya ga cewa masu dogara da na'ura mai tsada su ne ke gudun aiki, kuma zaure ya amince aikin hannu shi ne asali. Wani ya yi ƙoƙarin raba kan Makka da Jidda, an ja masa kunne. Maganar rabin kuɗi tsakaninsa da mai shago ce, ba ta shafe mu ba. Mai son koyon Krita ina fara darasi ranar Asabar bayan isha'i, ya same ni ta gefe.

Maman Hanan: Wane zauren ne ya amince? Ni ba a tambaye ni ba. Kuma ina maganar bango a cikin taƙaitawar?

Autan Karantina: Ku sani Admin a shagon Baba ya yi yaranta, shi ke wanke masa buroshi.

*Ɗan Sharamansur ya sauya tsarin zaure: admin ne kaɗai zai iya tura saƙo.*