Mai yawon duniya da keke: baƙo ne ko ci-ma-zaune?

Ɗan Injamena: Salamu alaikum. Ga magana, mai ja ya ja. Samarin nan masu yawon duniya da keke ko a ƙafa, jaka a goye, suna alfaharin sun ratsa ƙasashe ba su kashe ko dala ba, ni dai ban kira su baƙi ba, ci-ma-zaune ne. Mutum ya baro gida da ƙoshinsa, katin banki na aljihu, ya sauka ƙauyen da ake lallaɓa ɗan geron da ya rage a rumbu, a yanka masa kazar da ake tattali, gari na wayewa ya ɗauki hoto ya sa a Facebook wai Afirka akwai karamci. Shi kuwa mai kazar, ran da ya nemi bizar Faransa ko kallo bai ishe su ba.

Baba Alhaji, Garwa: Wa alaikumus salam. Yaro, bi a hankali. Da ƙafa kakanninmu suka riƙa zuwa Makka. Su taso daga Kano ko Barno, su ƙetare ta Kusiri, su bi Ati da Abeshe da Adare, su shiga Darfur ta Jinaina, sai bakin Bahar Maliya. Wani shekaru yake yi a hanya, yana noma nan, yana ɗinki can. Wa ya shayar da su? Mutanen da ko yarensu ba sa ji. Bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru gabas suka nufa, ga garin Mai Wurno da suka kafa can a Sudan har gobe. Mu kanmu Hausawan Garwa da Marwa da Ngaundere a nan Kamaru, da yawanmu jikokin fatake ne da wani ya shimfiɗa wa tabarma. Wanda ya tashi a haka ba ya leƙa aljihun baƙo.

Ɗan Injamena: Allah ya ƙara girma Baba, ai da bakinku kuka ce suna noma suna ɗinki. Falke ma in ya sauka zango, mai masauki na samun la'adarsa a ciniki. Wannan na keke me ya bari?

Malam, Marwa: Kuna haɗa abu biyu. Ɗan hanya yana cikin kashi takwas na masu cin zakka, Suratut Tauba aya ta 60, wato wanda guzurinsa ya yanke ko da mawadaci ne a garinsu. A wurin malamanmu na Malikiyya, in mawadacin ya samu mai ranta masa, ba a ba shi. To mai katin da zai zari kuɗi a Marwa ko Garwa ina ya shiga nan? A wannan ƙanena ya yi gaskiya. Liyafa kuwa daban take. Hadisi ya ce kwana uku ce, abin da ya wuce sadaka ne, bai ware mai kuɗi ba. Sai dai shi hadisin ya hana baƙo zama har ya ƙuntata wa mai gida, kuma nan ne masu yawon ba sa karantawa.

Hajiya, Kusiri: Ku maza kuna ta kawo aya da tarihi, wa ke hura wutar? Maigida zai leƙo bayan isha ya ce an yi baƙo, shi ya gama nasa ke nan. Ni ce zan rage tuwon yara in ƙara ruwa a miya. Duk da haka ban taɓa jin haushin wanda dare ya yi wa bai samu tsallaka gadar Ngeli zuwa Injamena ba, Bature ne ko Basaraye ɗan kudancin Cadi ko ɗan Bororo. Ɗan Bororon ma in ya sake biyowa sai ka gan shi da ƙwaryar nono. Abin da ke ƙona min rai shi ne a ci tuwona, sannan a ɗauki hoton madafina da 'ya'yana ba sallama ba izini, a nuna wa duniya talaucina. Wannan kam ko da kuɗi ya biya ban yafe ba.

Direban tirela, Ngaundere: Inna ta faɗi tata, ga ta hanya. Tun watan Fabrairun 2013 da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga, bayan sun fito daga gandun dajin Waza, hanyar Mora zuwa Kusiri ba ta koma yadda take ba. Da, kowa ya ɗaga hannu sai in ce hau saman kaya. Yanzu in na ɗauko baƙuwar fuska, ni jandarma zai sauke a shinge ya tsare da tambaya. A ƙauye ma sai an kai baƙo gaban jauro ko bulama, wato mai gari, kafin a ba shi wurin kwana. Shi yana yawon shan iska, in wani abu ya same shi ƙauyen ne a ciki.

Baba Alhaji, Garwa: To ai ka ji, ana kai shi gaban jauro, ba a kore shi ba. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, dubban ɗaruruwa suka kwararo gabashin Cadi, akasari ta Adare, ta hanyar nan da kakanninmu suka bi, sai dai su yamma suka nufo. Mutanen garin me suke da shi? Amma sun raba ruwan rijiyarsu.

Ɗan Injamena: Waɗannan gudun rai suka yi Baba, ba su nake nufi ba. Ni mai zaɓin kansa nake magana. Ya yi yawonsa, Allah ya kiyaye hanya, amma ya sayi buhun gero ya ajiye wa gidan da ya kwana.

Malam, Marwa: In ka gindaya masa sai ya ajiye gero, ai otal ka buɗe.

Hajiya, Kusiri: Malam, ku bar shi ya ajiye. Ba ni na roƙa ba, amma in ya kawo ba zan mayar ba. Ya haɗo da sukari da ganyen shayi ma, don su ne baƙi suka fi ƙarar min.