Daidaita saiti da rajistar aiki a sassan OpenStack Swift

Ɗan Zariya:
Assalamu alaikum. Ina kula da ma'ajiyar bayanai ta wata ƙungiya a nan Maradi, wadda aka gina da Swift, manhajar adana fayiloli ta OpenStack, a kan sabar uku. Kowane sashe da nasa fayil ɗin saiti, wato proxy-server.conf, account-server.conf, container-server.conf da object-server.conf, kuma hannaye da yawa sun bi ta kansu, har ta kai wani sashe yana rubuta rajistarsa a matakin DEBUG mai cikakken bayani, wani kuma a INFO mai taƙaitaccen bayani. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, aka ce wani fayil ya ɓace, ba na iya bin sawunsa. Ta ina ya kamata in fara gyara?

Injiniya Bagobiri:
Wa alaikumus salam, malam. Ka fara da agogo tun kafin ka taɓa saiti. Swift da hatimin lokaci yake tantance wane kwafi ne na baya-bayan nan, saboda haka idan agogon sabar ɗaya ya zame, tsohon fayil yana iya danne sabo ba tare da kowa ya sani ba. Ka sanya chrony, manhajar daidaita agogo, a dukkansu, kuma su yi rajista da lokacin UTC, tunda agogonmu na Nijar yana gabansa da awa 1, gaurayar biyun kuwa tana rikita bincike. Daga nan sai ka mayar da log_level da log_facility wuri guda a Ansible, manhajar rarraba saiti zuwa sabar da yawa, su shiga sashen DEFAULT na kowane fayil, amma log_name ya bambanta domin a gane sashen da ya rubuta kowane layi. Ka lura sosai: a sashen app ko filter, sai ka rubuta "set log_level" kafin ya rinjayi na DEFAULT.

Hajiya Mai Sabar:
Na yarda da Injiniya. Abin da zan ƙara, ƙanena, shi ne kada ka wahalar da kanka wajen tilasta wa Swift ya yi kama da Keystone, sashen OpenStack mai tantance masu shiga. Keystone yana amfani da oslo.config da oslo.log, kayan saiti da rajista na OpenStack, shi kuwa Swift yana da tsarinsa, ta syslog, hanyar aika saƙonnin rajista, yake aikawa. A rsyslog, manhajar da ke karɓar saƙonnin syslog, ake haɗa rajistocinsu, a tara komai a sabar guda bisa tsarin RFC 5424, ƙa'idar rubuta saƙonnin syslog. Kuma kowace buƙata tana da lambar X-Trans-Id mai farawa da tx, wadda take bin ta daga proxy har zuwa sabar object.

Ɗan Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba yanzu, agogon sabar ta uku ba ya tafiya tare da sauran. Hajiya, DEBUG ɗin fa, in kashe shi gaba ɗaya?

Hajiya Mai Sabar:
Ka bar kowa a INFO. DEBUG yana cika faifai da sauri, sai lokacin bincike ake kunna shi, a sashe ɗaya, a kashe da an gama.