Wai ina rabin nan ya fito a 35.5 na kulorin?

Malamin Dole:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai fitar da ni kunya kafin ranar Laraba.

Ni dai bayoloji na karanta a kwalejin horar da malamai. Malamin kemistiri na makarantarmu ya samu wani aiki ya tafi tun zangon da ya wuce, ba a turo kowa ba. Rannan shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya miƙo mini wani littafi da bangonsa ya rabu da shi, ya ce ai duk kimiyya ce. Shi ke nan na zama malamin kemistiri na 'yan aji ɗaya na babbar sakandare, yara sun haura saba'in a ɗaki guda. Da dare in karanta da fitilar waya, da safe in juye musu.

Ranar Litinin muna kan tsarin atam, wato ƙwayar zarra. Na zana a allo, ga cibiya a tsakiya, cikinta furoton da niyutiron, ga ilektiron suna kewayawa ta waje. Na ce yawan furoton shi ne lambar atam, in aka haɗa furoton da niyutiron a samu lambar nauyi. Na kawo sodiyom, furoton 11, niyutiron 12, jimla 23. Kowa ya gyaɗa kai. Can sai wata yarinya da ke bencin baya kusa da taga, wadda tun da na fara shiga ajin ban taɓa jin muryarta ba, ta ɗaga hannu. Ta ce a jadawalin sinadarai da ke bayan littafinta an rubuta nauyin kulorin 35.5. "Malam, in furoton 17 ne, an cire daga 35.5 saura 18.5. Ke nan akwai rabin niyutiron?"

Wallahi gumi ne ya keto mini. Na ce tambaya ta yi kyau, kowa ya je ya yi ta a matsayin aikin gida. Kun dai san dabarar. Amma irin kallon da ta yi mini, ta gane aikin gidan nan har da ni a ciki.

Na ga sashen aisotof a shafi biyu gaba, na karanta sau uku, na haddace ma'anar, amma ba ta zauna mini ba. Yaya zan yi bayanin da yaro zai kama, ni ma in kama?

Na Bakin Kasuwa:

Malam ina ga nauyin ilektiron ne ya cike rabin. Ai su ma suna da nauyi ko yaya ne, in ka tara guda 17 za su yi wani abu. Allahu a'alamu, na daɗe da barin boko.

Tsohon Alli:

Wa alaikumus salam. Ɗana, da farko ka riƙe yarinyar nan da kyau. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina shaƙar ƙurar alli, waɗanda suka yi mini wannan tambayar da kansu ba su cika yatsun hannu ba. Sauran haddacewa suke su wuce.

Na Bakin Kasuwa, ba ilektiron ba ne. Sai ka tara ilektiron wajen 1,836 kafin su yi nauyin furoton ɗaya, don haka guda 17 ko kashi ɗaya cikin ɗari na furoton ba su kai ba. Kusan duk nauyin atam a cibiya yake, cibiyar kuwa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ina ce wa yarana da za a buɗa atam ya yi girman filin ƙwallo na Ƙofar Mata, cibiyar ba za ta wuce ƙwayar gero a inda ake take wasa ba.

Amsar ita ce, duk duniya babu atam ɗin kulorin ko guda mai nauyin 35.5. Kulorin iri biyu ne a gauraye. Dukkansu furoton 17 gare su, da ya canza ai ya tashi daga kulorin. Amma wani niyutiron 18 gare shi, nauyinsa 35, wani kuma 20, nauyinsa 37. Su ne aisotof, uwa ɗaya uba ɗaya, wani ya ɗan fi wani ƙiba. In ka ɗebi gishirin miya a kowane gida, wanda haɗin sodiyom da kulorin ne, cikin kowane atam huɗu na kulorin kusan uku masu 35 ne, ɗaya mai 37.

Ga yadda nake yi musu. Ka ce mahaifiyarsu ta aike su awo, sun sayo kwano uku na masara a kan naira 35 kowanne, suka ƙare a wurin mai awon, suka ƙaro kwano ɗaya a gaba a kan naira 37. (Za su yi dariyar farashin, bar su, zamaninmu ne.) Nawa aka kashe? 105 da 37, ya zama 142. An juye duka a buhu ɗaya. Nawa kowane kwano ya tsaya? Raba 142 gida huɗu, 35.5. Sai ka tambaye su, akwai kwanon da aka saya a 35.5? Babu. To haka rabin niyutiron ma babu shi.

A nan za ka ga masu saurin hannu sun haɗa 35 da 37 sun raba biyu sun ce 36. Kada ka ce musu kuskure ne, ka tambaye su da kwano bibbiyu aka sayo nawa zai tsaya. Su da kansu za su ga cewa 36 na wanda ya sayo daidai wa daida ne, mu kuwa mai araha ya rinjaya, shi ya sa lissafin ya karkata wajen 35.

In kana da hali, ka zo da ƙullin leda huɗu. Kowanne ka sa wake 17 a matsayin furoton. Uku ka ƙara musu gyaɗa 18, na huɗun gyaɗa 20. Su kwance su ƙirga da hannunsu. Ka dai ƙirga gyaɗar bayan an tashi, don niyutiron yakan ɓace a irin wannan darasin.

'Yar Samaru:

Baba Tsohon Alli ya gama magana, ni ɗan ƙari ne kawai, don Malam ya san ba shi kaɗai 35.5 ta taɓa sa wa gumi ba.

A 1815 wani likita a Ingila, William Prout, ya ce duk sinadarai da haidurojin aka gina su, saboda haka nauyin kowanne dole ya zama cikakkiyar lamba. Da yawa sun yi kusa da hakan, kabon 12, oksijin 16. Kulorin ya ƙi. Aka auna, aka sake aunawa, yana nan kusa da 35 da rabi. Haka aka yi shekara ɗari ana kai ruwa rana. Sai a 1913 Frederick Soddy ya fito da kalmar aisotof, wata likita mai suna Margaret Todd ce ta ba shi ita, daga Girkanci, ma'anarta wuri ɗaya, tunda gurbi ɗaya suke zaune a jadawali. A 1919 Francis Aston ya ƙera na'urar da ke rarrabe atam bisa nauyinsu, da ita aka ga kulorin ya rabu gida biyu, 35 da 37. Kuma duk da haka ba a san me ya sa ɗaya ya fi nauyi ba, sai da James Chadwick ya gano niyutiron a 1932. Ke nan yarinyarka ta yi tambayar da ta gagari manya fiye da ƙarni guda, kai kuma kwana biyu kawai ka nema.

Abu biyu da za su iya tasowa. Na ɗaya, wani jadawalin zai nuna 35.45. Duk ɗaya ne, an dai ƙara tsefewa. Ainihin kason shi ne kusan 75.8 cikin ɗari da 24.2, kuma su kansu aisotof ɗin nauyinsu ya ɗan gaza 35 da 37 cif da ƙiris. A sakandare 35.5 ta wadatar.

Na biyu, lambar ba giram ba ce, ba komai ba ce, kwatance ne. Tun 1961 aka tsayar da kabon mai lamba 12 a matsayin ma'auni, aka ce nauyinsa 12 daidai, kowa a gwada shi da kashi ɗaya cikin goma sha biyu na wannan. Kafin nan oksijin ake amfani da shi, sai aka gano a 1929 cewa shi ma gauraye ne, akwai 16 da 17 da 18. Masana fiziks suka riƙe mai 16 zalla, masana kemistiri suka riƙe gaurayen, aka zama ana awo da kwano biyu a kasuwa ɗaya har shekara talatin.

Misalin da na fi so ma ba kulorin ba ne, buromin ne. Jadawali ya ce kusan 80, lamba mai kyau, sai ka ɗauka shi babu matsala. Alhali 79 ne da 81 kusan rabi da rabi, wanda ake samu a ƙasa babu mai 80 a cikinsa. Wanda ya raba biyu a nan ya ci sa'a.

Malamin Dole:

Allah ya saka da alheri, Baba. Awon masarar nan ya buɗe mini kai, sai da na tashi zaune. 'Yar'uwa ke ma na gode. Saura ɗaya, don na san yarinyar nan ba za ta tsaya nan ba. In iri biyu ne, gishirin da aka yi da mai 37 ya bambanta da na mai 35 a ɗanɗano ko a aiki?

Tsohon Alli:

A'a ɗana. Haɗuwar sinadari da sinadari aikin ilektiron ne, su ne a bakin ƙofa. Dukkansu 17 gare su, bakwai a layin waje, don haka halinsu ɗaya. Niyutiron yana can ƙuryar ɗaki, ba ruwansa da baƙi. Inda bambancin yake ɗan fitowa fili shi ne haidurojin, saboda shi ƙarin niyutiron ɗaya ninka nauyinsa yake yi. Ruwan da aka yi da mai nauyin, ƙanƙararsa nutsewa take a ruwan sha maimakon ta taso. Amma kada ka kai su can ranar Laraba, tuwon zai yi yawa.

Ɗan Arlit:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni ba malamin lakwal ba ne, amma wannan zance a ƙofar gidanmu yake. A Arlit ta ƙasar Nijar munka tashi, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Tsohona direba ne, shekaru yana jan manyan motocin da ke ɗaukar gangunan garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Muna yara muna zaton abin da ke cikin gangar in ya faɗi sai ya tashi da gari. Sai da na girma na gane ba haka ba ne, kuma dalilin shi ne wannan aisotof da kuke faɗi.

Yuraniyom furoton 92 gare shi. Cikin atam dubu da aka haƙo, wajen 993 masu lamba 238 ne, bakwai kacal masu 235. To waɗannan bakwai ɗin su ne ake bi, su ne ke tsagewa cikin sauƙi su ba da wuta. Yawancin tashoshin lantarki na nukiliya sai an ɗaga kason ya kai 3 zuwa 5 cikin ɗari. Kuma kamar yadda Baba ya ce halinsu ɗaya, babu wani ruwan magani da za ka zuba ya ware maka su. Dole a mai da shi iska, a sa a injin da ke juyawa da gudun tsiya, mai nauyi ya ɗan matsa gefe, a maimaita ba adadi. Niyutiron uku ne tsakaninsu, amma a kan ukun nan ake ta rigima da Iran shekara da shekaru. Mu dai haƙowa muke, tacewar a wasu ƙasashe ake yi.

'Yar Samaru:

Yaya Ɗan Arlit, mu ma muna da namu a nan Zariya. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Da man da aka tace ya kai kusan 90 cikin ɗari ya fara, a 2018 aka sauya masa da mai kashi 13, aka mayar da tsohon Sin.

Malam, in kana son na kusa da yara, ka ba su kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya. Da kabon mai lamba 14 aka gane ya kai shekara wajen 8,000. Shi wannan kabon ba ya zama, rabinsa na narkewa duk shekara 5,730, sai a duba abin da ya rage a itacen a ƙirgo baya.

Malamin Dole:

Jama'a na dawo da rahoto. Na je da ledoji huɗu kamar yadda Baba ya ce, wake da gyaɗa daga kicin ɗin uwargida, ba da saninta ba. Na fara da awon masara, kafin in rufe baki yaran gaba sun ce 36. Na ce to da kwano bibbiyu ne fa? Ajin ya yi tsit, sai ga wani yaro ɗan mai shago ya ce, "A'a Malam, mai arahar ya fi yawa, ba zai kai 36 ba." Shi ya fito ya yi lissafin a allo.

Na kira yarinyar ta kwance ledojin da kanta. Ta ƙirga na farko 35, na biyu 35, na uku 34, aji ya fashe da dariya, wanda ya raba ledojin yana ta rantsuwa bakinsa na motsi. Baba ka yi gaskiya.

Na kuma gaya musu ranar Litinin ban san amsar ba, tambaya na je na yi. Na ba su niyon su gwada a gida, kashi 90 mai lamba 20, kashi 10 mai lamba 22, ni na samu 20.2, a duba mini.

Da aka tashi ta biyo ni har bakin ofis da jadawalinta a buɗe. Ta ce ta lura agon nauyinsa 39.9, fotasiyom 39.1, amma an sa agon a gabansa, me ya sa mai nauyi ya riga? Na ce mata ranar Juma'a. Baba Tsohon Alli, kana kusa?