Wace kalma za mu ba kuɗin azurfar Fartiyawa?

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan daular Fartiya ta ƙasar Iran, wadda Arsak ya kafa wajen shekara ta 247 kafin haihuwar Annabi Isa. Kuɗinsu na azurfa ne, nauyinsa kusan giram 4, sunan da suka gada daga Girkawa darakma. A gaba fuskar sarki, a baya maharbi zaune riƙe da baka, rubutun Girkanci ya kewaye shi. Me zan kira shi?

Malamar Islamiyya: Dirhami mana, ɗan'uwa. Daga darakma kalmar ta shiga Farisanci, ta kai Larabci. Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san dirhamomin da aka sayar da shi.

Ɗan Maradi: Mu dai da dala muke lissafi, ku ce dalar Fartiya.

Baba Mai Nahawu: Ba dala, ba dirhami. Sai yaushe za mu daina bara a ƙofar wasu harsuna? Na daɗe ina ba da shawarar tsabazurfa, wato tsabar azurfa. Kar kuma wani ya kawo mini kwabon azurfa, asalin kwabo sunan jan ƙarfe ne a bakin Bature.

Malamar Islamiyya: Baba, da girmanka, dirhami ya zauna a bakin malamanmu tun kafin zuwan Bature. Ba baƙo ba ne.

Baba Mai Nahawu: Ƴata, daɗewar baƙo ba ta mai da shi mai gida.

Ɗalibin Tarihi: Ranka ya daɗe, su kansu Fartiyawan aro suka yi ba su ji kunya ba. Sarkinsu Mitiridat na ɗaya, da ya ci birnin Selusiya da ke ƙasar Iraƙi ta yau a 141 kafin haihuwar Annabi Isa, har laƙabin masoyin Girkawa ya sa aka buga masa a kan kuɗi. Zaman maharbin nan ma daga kuɗin Selusawa, sarakunan Girkawan da suka mulki yankin kafin su, aka kwaikwayo shi, inda gunkinsu Afolo ke zaune kan dutse, sai suka sa masa tufafin mahayan Iran. Daga baya Girkancin ya lalace har ba ya karantuwa, a zamanin Sarki Walagash na ɗaya haruffan Fartiyanci suka bayyana. Damuwata da dirhami ita ce mai sauraro zai zaci kuɗin Musulunci ne, alhali daular ta faɗi tun 224 miladiyya.

Mai Shirin Tarihi: Wannan ita ce maganar. Zan ce darakma, in bayyana cewa kakan dirhami ne. Babban kuɗin da ake bugawa a Selusiya kuma, in ce mai darakma huɗu.

Baba Mai Nahawu: Ban gamsu ba. Amma tunda lokaci ya ƙure maka, ka saka tsabazurfa ko sau ɗaya mu ji yadda za ta zauna a kunne.

Mai Shirin Tarihi: Zan ce tsabar azurfa a rabe, Baba. Na gode.