Neman kalmar Hausa: me za mu kira "supercropping"?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na karanta shawarwarin da kuka kawo a kan sunan Hausa da za mu ba kalmar Turancin nan ta supercropping da uwarta training, wato dabarun sarrafa yadda shuka ke girma, kamar yadda masu renon tsirrai ke amfani da su. Ga inda na tsaya, ga kuma dalilina.

Mu fara ganin aikin tukuna, kafin mu raɗa masa suna. Mutum zai kama ɗanyen reshe tsakanin babban yatsa da manuniya, ya matsa, ya ɗan murza har ya ji cikin ya yi laushi, sannan ya kwantar da shi gefe. Totuwar ciki ta farfashe, amma ɓawon waje bai yage ba. Reshen zai yi laƙwas, wanda bai sani ba ya ce an kashe shi. Kafin kwana ɗaya ko biyu sai ka ga kansa ya sake ɗagowa sama. Bayan mako ɗaya zuwa biyu wurin ya warke, ya yi ƙulli mai tauri wanda ya fi sauran karan kauri.

Kalmar supercropping ta yaɗu ne daga bakin masu noman tabar wiwi. A yawancin ƙasashen duniya nomanta laifi ne, ƙalilan ɗin da suka halatta shuka ta a gida kuwa sun ƙayyade yawanta. Urugwai a 2013 ta ce tushe shida a gida ɗaya, dokar tarayyar Kanada ta 2018 ta ce huɗu, Jamus a 2024 ta ce uku ga kowane baligi. Wanda aka ƙirga wa tushe dole ya nemi yadda kowane ɗaya zai ba da amfani mai yawa. Da yawansu kuma a ɗaki suke shuka, ƙarƙashin fitila, inda nisa ke cinye haske: in ka ninka tazara daga ƙwan fitila, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai rage. Shukar da ta yi tsayi siririya, kanta ne kaɗai ke shan haske, rassan ƙasa suna cikin inuwa. Shi ya sa ake so ta baje.

Nema wa wannan dabara kalma ba tallar taba ba ce. Mai fassara labari na bukatarta, malamin aikin gona ma haka. Kuma dabarar ba ta wiwi ce kaɗai ba. Masu itacen tuffa suna ɗaure rassa su kwanta don su yi saurin fure. A Amurka ta Tsakiya ana tanƙwara matashin itacen kofi a kafe kansa kusa da ƙasa don ya tsiro da sababbin rassa. Masu furen wardi a rumfunan gilashi suna karyar da wasu rassa gefe ba tare da sun yanke su ba. Manoman Japan kuwa sun daɗe suna tattaka alkama da sha'ir tun suna ƙanana, don su yi 'ya'ya su kafu.

Me ya sa abin ke aiki? Tohon da ke can ƙolin shuka yana fitar da wani sinadari, oksin, yana gangarowa ta cikin kara yana hana idanun gefe, wato wuraren da sababbin rassa ke fitowa, tsirowa. Kenneth Thimann da Folke Skoog suka tabbatar da haka a 1933 a kan wani nau'in wake. Da suka cire kan, idanun gefe suka farka. Da suka sa oksin a wurin yankan, suka ci gaba da barci. Wannan ni "danniyar kai" nake kiransa. In aka kwantar da kai ya yi ƙasa da sauran jiki, danniyar ta yi sauƙi, rassan gefe su taso su daidaita tsawo. Sannan shuka na jin taɓawa. A 1973 Mordecai Jaffe ya bayyana yadda tsirran da ake yawan shafawa ko girgizawa ke rage tsayi su ƙara kauri.

To yanzu kalmomi.

Training dai ba ta ba mu wahala ba, kusan kowa ya yarda da "horon shuka". Horo a Hausa ya ƙunshi koyarwa, ya ƙunshi ɗan matsi, kuma duka biyun suna cikin aikin. Wani ya ce "tarbiyya", amma tarbiyya ta fi ƙarfin ganye, a bar ta ga 'ya'yan mutane.

Masu "babban girbi" da "noman ninki", ku yi haƙuri, a nan muka raba hanya. Kun bi kalmar Turancin ne, ita kuwa kirari ce. Ba ta faɗi abin da hannu ke yi ba, alkawari kawai ta ɗauka. Alhali matse kara ba ya ƙara wa shuka ruwa ko taki ko rana, hasken da ke akwai yake rarrabawa. In shukar ba ta da lafiya, ko karan ya riga ya bushe ya zama itace, hasara za a yi. Sunan da ke cewa "ninki" zai sa mai koyo ya ɗauka da ya matsa shi ke nan sai girbi. Ni na fi son suna ya nuna aikin, ya kuma nuna iyakarsa.

"Tanƙwara" kalma ce mai kyau, amma tana da gurbinta. Akwai horo na lallami, wanda ake jan reshe a hankali a ɗaure shi da zare ba tare da an ji masa ciwo ba. Wannan shi ne tanƙwara, kuma maganar magabata ta hau daidai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In muka ba ɗayan aikin wannan suna, me za mu kira wannan?

"Murƙushe" ta wuce gona da iri, abin da aka murƙushe ba ya tashi. "Karya kara" kuwa ita ce mafi hatsari, don karaya ita ce ainihin abin da ake gudu.

Malam da ka kawo "dandaƙa", Allah ya ƙara basira, ka kusa ƙwarai. Yadda ake dandaƙe sa ko bunsuru, a lalata jijiya ta ciki fata ba ta yage ba, haka aikin yake a hannu. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne inda hankalin mai ji zai tafi. Da Bahaushe ya ji an dandaƙe abu, ya san an hana shi haihuwa ke nan. Mu kuwa ƙarin fure da 'ya'ya ake nema.

Abin da nake ba da shawara shi ne "targaɗen kara".

Kowa ya san bambancin targaɗe da karaya ba sai an buɗe masa ƙamus ba. Ciwo ne na ciki, fata lafiya lau, wurin ya kumbura, bayan 'yan kwanaki ya warke. Ka ce wa mai koyo "yi masa targaɗe, kada ka karya", ka gama ba shi rabin darasin. Kuma kalmar ba ita kaɗai take tafe ba, da danginta take. In hannu ya yi nauyi ɓawo ya tsage, an yi karaya. Naɗe wurin da ake yi da ƙyalle ko salatif a kafa masa tsinke, ɗori ne. Ƙullin da ke fitowa bayan an warke, gwiwa ce, don a daidai lanƙwasar take. Babu ɗaya a cikinsu da muka ƙirƙira, duk suna bakin mutane.

Wata Hajiya a cikinmu ta ce targaɗe ai tsautsayi ne, ba wanda ke yin sa da gangan. Gaskiya ne, kuma ƙorafi ne mai nauyi. Amsata ita ce ginin jimla zai raba gardama. "Reshe ya yi targaɗe" na iya zama aikin iska ko akuya. "An yi wa reshe targaɗe" kuwa da hannun mutum a ciki. A rubutun koyarwa, farkon ambato a ce "horon targaɗe", daga nan a ci gaba da targaɗe kawai.

Ga yadda za ta zauna a magana: "Horon shuka iri biyu ne, akwai tanƙwara, akwai targaɗe. Ana yin targaɗe tun kara yana ɗanye, in an yi kuskure ya karye sai a yi masa ɗori."

Saura topping, wato yanke tohon ƙoli ɗungurungum don kai ya rabu biyu. An kawo "fille kai" da "datse kai". Ni na karkata ga datse, don fille ta yi kama da kisa, ita kuwa shukar rayuwa za ta ci gaba da yi. Masu lambu, wace kuka fi faɗa in kuna yi wa tumatir ko barkono?