Na ajiye A biyu a katin ƙarshe, har yau ina saƙa da warwara. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Sabon Shiga:

'Yan'uwa, ina so in ji yadda ta kasance da ku, don wannan hannun ya hana ni barci. Texas Hold'em ne, irin kartar poker da ake ba kowa kati biyu a hannu sannan a buɗe biyar na kowa a tsakiya, wasan tsabar kuɗi ba gasa ba, mu tara a tebur. Zan riƙa lissafi da babban zubin dole, wato mafi girma cikin zubi biyun da ake sawa tilas kafin a raba kati, in ce masa "zubi" kawai. Ni da mutumin da muka kara kowa na da zubi 150 a gabansa.

Aka ba ni A-A, hannun farawa da ya fi kowane ƙarfi. Na ɗaga zuwa 3, wani dattijo da ke kujerar ƙarshe ya biyo ni, saura suka watse. Awa uku muna tare ban ga ya ɗaga ko sau ɗaya ba, sai dai ya bi ko ya ajiye kati ya fita. Ukun farko suka fito 9-6-2, kowanne da irinsa. Na sa 5, ya biya. Kati na huɗu J. Na sa 12, sai ya mayar da shi 40. Gabana ya faɗi, amma na biya. Katin ƙarshe 3. Na ƙwanƙwasa tebur, wato na wuce ban sa komai ba, shi kuwa ko ƙiftawa bai yi ba ya turo duk abin da ya rage masa, 102.

Na daɗe ina kallon katina, sannan na ajiye. Bai nuna ba. Sau ɗaya cikin 221 ake ba mutum A biyu, ni kuma na mayar wa mai raba kati da su. Tsoro ne ko hankali?

Mai Lissafi:

Ɗan'uwa, bari mu ƙirga tukuna kafin a zo maganar tsoro. A tsakiya akwai 97.5, ya ƙara 102, kai kuma 102 za ka biya. Ke nan sai kana cinye shi kusan sau ɗaya cikin uku kafin biyan ya mayar da kuɗinsa.

To me ke gaba da kai? 9-9, 6-6 da 2-2, kowanne hanya uku ake iya riƙe shi, tara ke nan. J-J ma uku, tunda irin wannan dattijon ba ya sake ɗagawa da su kafin a buɗe kati. Sha biyu, ban ma sa J-9 ba. Kafin ka biya, sai ka samo aƙalla hannu shida da kake ci waɗanda zai buga haka. 8-7 da bai cika jeren kati biyar ba? Hanya huɗu ne in iri ɗaya ne, kuma mutumin da ya yi awa uku bai motsa ba, ba da wannan zai fara burga ba. A-J? Masu irin halinsa biya suke yi da shi, ba sa turawa duka.

Ni inda nake da ja shi ne 28 ɗin da ka ƙara a kati na huɗu. Na yi shekara guda ina wannan kuskuren: in biya ɗagawar da sunan "bari in ga abin da zai yi", alhali na san abin da zai yi. Da na fara rubuta irin waɗannan hannuwa a ɗan littafi bayan kowane zama, sai na ga kusan duk shafin labari ɗaya ne.

Tsohon Hannu:

Abin da Mai Lissafi ya faɗa har suna gare shi a wajen Turawa, ƙa'idar Baluga: in an ɗaga maka a kati na huɗu kana riƙe da biyu masu kama kawai, sake auna hannunka. Tun zamanin da wasan intanet ke tashe ake faɗarta, kuma a ƙananan tebura har yau ba ta tsufa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Nawa labarin da K-K ne, kuma tun kafin a buɗe kati ko ɗaya. Wani da na yi shekaru ina wasa da shi ya shigo da zubi ɗaya lamo, kamar ba ya so. Na ɗaga, wani ya biyo, zagaye ya dawo kansa sai ya ninka ɗagawata sau biyar. Na sake ɗagawa, ya turo duka. Kowannenmu ya haura zubi 300. Na taɓa ganin ya yi wannan rawar sau uku a baya, duka ukun A-A ya nuna. Na ajiye sarakuna biyu a buɗe, tebur ya ɗauki ihu, shi kuma ya yi dariya ya juya A biyu.

Amma ku ji da kyau, kada wani ya ɗauki wannan ya mayar da shi ɗabi'a. Sau ɗaya na yi a duk zamana. In kana da K-K a tebur mai mutum tara, yiwuwar wani na da A-A ba ta wuce kusan 4 cikin 100 ba. A zubi 100, da baƙon da ban sani ba, ido rufe zan tura.

'Yar Kujerar Ƙarshe:

Yaya Tsohon Hannu, ku kullum labaran da aka yi daidai kuke kawowa. Bari in ba ku na kunya.

Ina da K-10 iri ɗaya, na cika fulosh, wato kati biyar iri ɗaya, a kati na huɗu, A na wannan irin ne kaɗai ke sama da ni. Katin ƙarshe ya maimaita 8 da ke ƙasa. Na sa rabin abin da ke tsakiya, wani matashi mai yawan surutu ya ninka sau huɗu. Nan take kaina ya fara nuna mini cikakken gida, wato uku masu kama da biyu masu kama wanda ya fi fulosh, ta ko'ina. Na tuna duk nasihar da na sha ji cewa ɗagawar katin ƙarshe ba ta ƙarya. Na ajiye, har ina jin kaina gwana.

Ya juya katinsa: fulosh ne shi ma, amma na 7-5. Ba ma burga yake yi ba, shi a ransa ya yi imani shi ke gaba. Wannan ne abin da ban saka a lissafi ba. Tambayar da na yi wa kaina ita ce "zai yi burga a nan?", na amsa a'a, kuma amsar daidai ce. Tambayar da ban yi ba: "wane hannu ne shi yake ɗauka babba?" Na ga yaron nan da idona yana tura kuɗi da tagwaye kashi biyu kawai a kan allo mai haɗari, wato katunan tsakiya, amma na auna shi da ma'aunin dattijon Sabon Shiga.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Zuciya ta ɗebe ni, na rantse ba wanda zai sake korata a daren. Hannu uku na biya a jere waɗanda ko a mafarki bai kamata in biya ba. Abin da na zubar bayan ajiyewar ya ninka na ajiyewar kanta.

Tsohon Hannu:

Ƙanwata, wannan na ƙarshen da kika faɗa ya fi komai tsada, kuma babu wanda bai taɓa yi ba. Shi ya sa wasu ke nuna katin da gangan.

Ba Na Gudu:

Ni fa ina ganin an fara mayar da ajiye babban hannu abin ado. Mutum ya ajiye don a ce ya iya. Na taɓa zuwa da 4-4, ƙasa ta fito Q-9-4, muka tura zubi 100 kowa, ya nuna 9-9. Na tashi ba ko sisi a gabana, na sake saye na zauna. Gobe ma aka maimaita haka zan yi. Kusan sau ɗaya cikin takwas da rabi ne ƙananan tagwaye ke samun na ukunsu a buɗewar farko. In na jira duk wannan, sannan in ajiye saboda wataƙila wani ya fi ni, to me ya kai ni shiga da su? A irin wannan allon ana turawa da A-Q, da Q-9, da K-K, da J-10 mai neman jere. Duk ina cin su.

Kuma wannan ba gasa ba ce da in tsabarka ta ƙare ka tafi gida. Zubin dole ba ya hawa, aljihu na nan. Ba a biyan kowa don ya daɗe a kujera.

Mai Lissafi:

A zubi 100 ban ƙi taka ba, Malam. Amma ka ɗauki 4-4 ɗin nan ka kai su zubi 400, a yi ɗagawa ta uku a katin ƙarshe. A-Q da J-10 duk sun sauka tun a hanya, ba wanda ke kai kuɗi mai zurfi haka da su. Waɗanda suka rage su ne Q-Q da 9-9. Katinka bai canja ba, mutanen da ke tare da kai ne suka ragu. Na taɓa biya a irin wannan wurin, ina biya ina faɗin sunan katinsa da bakina, kuma shi ɗin ne.

Mai Kallo Daga Gefe:

Akwai wata magana da ake dangantawa da wani ɗan wasa mai laƙabin Zeebo, cewa babu mai iya ajiye cikakken gida. Ni shaida ne. Ina da 6-6, allo 6-J-J-2-J. Tun buɗewar farko gidana ya cika. Da J na uku ya sauka, hannuna ya koma J uku da 6 biyu, wato duk mai tagwaye daga 7-7 zuwa sama ya wuce ni, balle mai J ɗin ƙarshe. Na san haka sarai. Amma bakina ya riga ya saba da "cikakken gida gare ni", sai hannuna ya tura. 10-10 ya nuna.

Wani abu kuma da ba a taɓo ba. Lokacin da na fi yin shirme shi ne lokacin da na zauna da kuɗin da bai kamata su zo tebur ba. Ranar nan ko dai in ajiye hannun da ke gaba saboda cikina ya ɗuri ruwa, ko in biya na baya saboda ba zan iya haƙura da abin da na riga na zuba ba. Lissafin Mai Lissafi ba ya shiga kan mutumin da ke tunanin abin da zai faɗa in ya koma. Da na koma ƙaramin tebur, sai na ga ashe ina iya ƙirga hannuwa.

'Yar Kujerar Ƙarshe:

Sabon Shiga, tambaya ɗaya. Da ka ƙwanƙwasa a katin ƙarshe, ka riga ka yanke abin da za ka yi in ya tura, ko sai da ya tura ka fara tunani?

Sabon Shiga:

Gaskiya, Yaya, sai da ya tura. Ina ta fatan ya ƙwanƙwasa shi ma mu buɗe lafiya. Da na biya 28 ɗin nan ban da wani shiri, kawai dai na kasa rabuwa da su ne tukuna.

Jiya na sake haɗuwa da dattijon a tebur ɗaya. Da aka ɗan tsaya canja kati na matsa kusa, na gaishe shi, na ce Baba, don girmanka, ranar nan da ka turo mini duka a kan 9-6-2, me ke hannunka? Ya dube ni ya ɗan yi shiru, ya ce, "Wace rana?" Na kwatanta masa komai, har kujerar da yake zaune. Ya ce shi fa bai tuna ba, amma in dai ya tura to da dalili. Sannan ya tambaye ni me na ajiye. Na ce A-J.